Kafin ka zuba kuɗinka a kyamara

Matasanmu masu son shirya fim, kowa tambayarsa ɗaya: wace kyamara zan saya? A ganina ba daga nan ake farawa ba.

Sean Baker ya ɗauki fim ɗinsa Tangerine da wayoyin iPhone 5s guda uku, aka kuma haska shi a bikin Sundance na Amurka a 2015. Mai kallo kan yi haƙuri da hoto mai ɗan dishi-dishi, amma da zarar ƙarar janareto ta danne maganar jarumi, sai ya kashe.

Kyamarar dai a ɗauko ta haya, ai aikin ƴan kwanaki ne. Sauran kuɗin a sayi makirifo mai kyau da fitilun LED biyu masu caji. A ƙara da batura, don NEPA ba ta san ranar ɗaukarka ba.