Adashin Raino

 Yau maganarmu a kan hutun uwa ce, da wanda zai riƙe mata yaro in za ta huta.

Kowa ya san yinin matar aure a nan Lafagu da sauran garuruwan ƙasar Bagudo. Tun assalatu ta tashi, ta hura wuta, ta dama kunu, ta share tsakar gida, ta yi wanke-wanke, ta yi wa yara wanka. Kafin ta sauke tukunyar rana ga surfe yana jiranta, in kuwa kaka ce ga shinkafa za a turara a shanya. Duk wannan fa da goyo a bayanta, wani kuma yana jan zanenta. Sai mace ta yi wata da watanni ba ta sami sa'a biyu cur da za ta ce nata ne ba. Wadda ta gaji haka ita ce mai saurin fushi da dukan yara, ita ce kuma ranar awo takan wuce ta. Saboda haka hutun uwa ba lalaci ba ne, gyaran gida ne.

To, matan ƙasashen Turawa su ma suna da wannan damuwa, sai suka nemi maganinta a wayar hannu. A Amurka an kafa wani kamfani mai suna Sittercity a shekarar 1⁠ ta wannan ƙarni, watau 2001, aka kuma kafa Care.com a 2006. Ga yadda manhajarsu take aiki. Mai neman aikin raino za ta sa sunanta da hotonta da unguwarsu da abin da take karɓa a kowace sa'a. Uwa kuma ta duba, ta karanta shaidar da waɗansu iyaye suka yi mata, in ta yarda sai ta kira ta. Mai rainon ta zo gida ta zauna da yara sa'a uku ko huɗu, a biya ta, ta tafi. Dalilin da ya sa abin ya karɓu can shi ne, da yawansu suna zaune nesa da dangi, ba kaka a gida, ba gwaggo a maƙwabta.

Amma fa abin bai rasa illa ba. A 2019 jaridar Wall Street Journal ta buga wani bincike da ya nuna Care.com ba ya tantance dukan masu rainon da ke cikinsa, har da waɗanda aka taɓa kamawa da laifi, aka kuma cuci waɗansu yara. Bayan haka ne kamfanin ya tsananta bincike. Ashe waya tana iya nuna miki fuskar mutum, amma ba ta iya nuna miki halinsa.

Mu kuwa, alhamdu lillahi, abin da suke nema da kuɗi muna da shi kyauta. Mun san juna, mun san iyaye da kakanni. Akwai kaka, akwai abokiyar zama, akwai faccala, akwai maƙwabciya. Sai dai mu faɗi gaskiya, a gidaje da yawa ba su ne ke ɗaukar nauyin rainon ba. Yarinya 'yar shekara takwas ko tara ita ake ɗora wa. Ko a ce yau kada ta tafi makaranta ta riƙe ƙanenta, ko a ɗauko 'yar raino daga ƙauye, wani lokaci ma daga wajen dangi na tsallaken iyakar Benin. Yau fashi, gobe fashi, kafin a ankara ta kasa bin 'yan ajinsu, ta ji kunya, ta daina zuwa. Watau uwa ta sayi hutun safiya ɗaya da karatun 'yarta.

Ku sani tun 2004 akwai dokar ilmin bai-ɗaya a Nijeriya, wadda ta ce karatun shekara 9, firamare 6 da ƙaramar sakandare 3, kyauta ne kuma tilas ne, a wuyan iyaye yake. Ban da doka ma, yarinya 'yar shekara tara ita kanta rainonta ake yi. In wasa ya ɗauke mata hankali, wa zai tare mai rarrafe daga bakin murhu ko bakin rijiya?

Mu da Kogin Kwara ya ratsa ƙasarmu, ga fadamu ga kududdufai da damina, ya kamata mu ji abin da aka yi a Bangaladash, ƙasar ruwa da shinkafa. Can an lura yara ƙanana sun fi faɗawa ruwa tsakanin hantsi da azahar, lokacin da aiki ya sha kan iyaye mata. Sai aka kafa wuraren raino a ƙauyuka, ana kiransu Anchal, inda mace ɗaya da mataimakiyarta suke tsaron yaran unguwa daga ƙarfe 9 na safe zuwa ƙarfe 1 na rana. Da aka bincika, an tarar mutuwar ruwa ta ragu ƙwarai cikin yaran da ake kai wa can.

Ga shawarar da na kawo. Mun iya adashin kuɗi, to mu yi adashin raino. Mata huɗu na gida ɗaya ko layi ɗaya, waɗanda suka amince da juna, su raba kwanaki daga Litinin zuwa Alhamis. Kowace ta ɗauki rana ɗaya ta tara yaran duka a wurinta daga ƙarfe 9 zuwa ƙarfe 1. Ku lissafa: kin yi tsaro safiya ɗaya, kin sami safiya uku, watau sa'a 12 a mako, ba ki biya ko kwabo ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Amma adashi ba ya tafiya sai da ƙa'ida. Na farko, kowace ta shawarci maigidanta, a yi abin da saninsa. Na biyu, ranar da tsaro ya zo kanki, tsaron ne aikinki; ki yi girkinki da wuri, ban da daka, ban da zuwa rafi. Na uku, in yara sun wuce shida a zama mata biyu. Na huɗu, a rufe rijiya da randa, a kashe murhu, a ɗauke kalanzir da ashana da maganin feshin gona inda hannu ba zai kai ba. Na biyar, yaro mai zazzaɓi ko gudawa ko ƙuraje ba ya shiga cikin 'yan'uwansa, asibiti za a kai shi. Na shida, jaririn da bai kai wata 6 ba yana tare da uwarsa, gama nono zalla ne abincinsa. Na bakwai, kada a ba kowa yaro sai uwarsa ko wanda ta ambata tun da safe.

Wayar ma tana da nata amfani a nan. Kowace ta riƙe lambar 'yan'uwanta, masu babbar waya su buɗe zaurensu a WhatsApp don musayar rana in uzuri ya taso. Ku kuma 'yan makaranta, ga aikinku: in kun taso, ku ja layi a littafi ku rubuta wa su Inna sunaye da ranaku, don kada gardama ta shiga. Ku taya su aiki da yamma da ranakun hutu, amma safiya ta aji ce.

Uwa kuma in ta sami safiyarta, ta yi abin da ranta ke so. Ta je awo, ta shiga Islamiyya ko ajin yaƙi da jahilci, ta zauna kan keken ɗinkinta, ta yi kitso da lalle, ta gai da iyayenta. In barci ne ya fi damunta, ta ja ƙofa ta kwanta, kada ta ji kunyar kowa.

Waɗanda suka gwada, su rubuto mana yadda ta kaya, da daɗi da rashinsa, don sauran 'yan'uwa su ƙaru. Allah ya raya mana zuriya, ya sa albarka cikin karatun 'ya'yanmu. Sai mako mai zuwa. Wassalam.