BAƘAR FATA BA LAIMA BA CE

Kwanan baya, cikin zagayen da na ke yi na duba makarantu, na isa wata makaranta wajen ƙarfe 12 na rana, a tsakiyar watan Afrilu. Ban ko gama sauka daga mota ba sai na hangi yara 7 a durƙushe a tsakar fili, hannuwa sama, kai ba hula, ƙafa ba takalmi. Laifinsu wai surutu a aji. Cikinsu akwai wani yaro zabiya wanda shekarunsa ba su fi 9 ba, wuyansa da kunnuwansa sun yi ja wur kamar an watsa musu tafasasshen ruwa, leɓensa duk ya tsattsage. Da na tambayi malamin abin da ya hana shi ko barin yaron nan ya sa malfa, sai ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, ai malfa ba ta cikin kayan makaranta."

Malamin nan ba mugu ba ne. Na san shi tun yana ɗalibi a hannunmu a kwalejin horon malamai. Abin da ba a koya masa ba shi ne bai sani ba, laifin wannan kuwa, in za a faɗi gaskiya, namu ne mu da muka hore shi. Don haka na ga ya kamata in yi wannan ɗan bayani ga 'yan'uwana malaman makaranta da malaman ofis.

Duk inda na ta da wannan magana, amsar da a kan fara ba ni ita ce, "Mu baƙaƙe ina ruwanmu da rana? Ai wannan ciwon Turawa ne." To, akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Cikin fatar mutum akwai wani sinadari da likitoci ke kira melanin, shi ke sa ta duhu, shi ne kuma ke tare wani kashi na hasken rana kafin ya shiga ciki ya yi ɓarna. Baƙin mutum ya fi Bature yawansa nesa ba kusa ba, shi ya sa ciwon dajin fata ya fi kama su. Amma tarewar nan ba ta cika ba. A shekarar 1979 wasu masana a Amurka sun auna, suka sami kāriyar baƙar fata ta kai misalin lamba 13 bisa ma'aunin da a ke rubutawa a jikin man kāre rana, alhali likitocin fata suna horon mutane da lamba 30 ko fiye. Watau Allah ya ba mu rabin garkuwa, sauran rabin an bar wa hankalinmu. Wanda ya ƙi, zai ga abin a fuskarsa: tabon ƙurji ya ƙi gogewa, kumatu da goshi su yi dabbare-dabbare, fata ta yi kaushi ta tsufa kafin mai ita. Ido ma bai tsira ba, gama hasken nan na cikin abubuwan da ke kawo yanar ido.

Ya kamata kowane malami ya gane bambanci tsakanin zafin rana da haskenta mai ƙuna. Cikin hasken rana akwai wani ɓangare da ido ba ya gani, jiki kuma ba ya jinsa, sunansa a taƙaice UV. Iri biyu ne ke iso mu. UVB shi ke ƙona bayan fata, UVA kuwa ya fi nutsewa ciki, shi ke tsofar da ita. Da ya ke ba a jinsa, mutum na iya zama cikin iska mai daɗi, ko ranar da gajimare ya ɗan lulluɓe sama, yana zaton ya tsira, alhali yana ƙonewa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da ma'auninsa. In ya kai 3, ta ce a fara neman kāriya, in ya kai 11 kuwa abin ya kai matuƙa. A ƙasarmu, da tsakar ranar bazara, ya kan kai 11 har ya zarce. Malamin labarin ƙasa ya san dalili. Kano tana wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka wajen ƙarshen Afrilu rana ta kan tsaya cak bisa kai, har inuwar mutum ta shige ƙarƙashin ƙafarsa. Ga ma darasi kyauta wanda ba ya bukatar littafi. A fita da yara da safe su auna inuwarsu, a gaya musu duk sa'ad da inuwar mutum ta kasa shi tsawo, to, lokacin neman gindin itace ya yi. Galibi wannan daga ƙarfe 10 na safe ne zuwa 4 na yamma.

Abin da na ke roƙo a riƙa yi kullum ba wani dogon aiki ba ne, ba kuwa sai mai hali ba. Da safe a yi wanka da sabulu mai laushi. Sabulun wankin tufafi na tufafi ne, yana kwashe maiƙon da fata ke tsare ruwanta da shi, ya bar ta fari fat tana ƙaiƙayi. In an fito, kada a jira jiki ya bushe ƙayau, a shafa mai tun da sauran danshi, gama aikin mai shi ne ya rufe ruwan da ke cikin fata kada ya tsere. Man kaɗanyarmu ya isa wannan aiki, ba shi da abin kushewa. Sai dai a tuna bazara ba hunturu ba ce. Laɓta basilin da a kan yi wa yara lokacin sanyi, in aka yi shi cikin zafi sai ya toshe ƙofofin gumi, ƙurajen zafi su feso a wuya da baya. Kaɗan ya isa. Kada kuma wani ya ɗauka man kaɗanya na tare rana, abin da ya ke tarewa bai taka kara ya karya ba. Da yamma a sake ɗauraye jiki a kawar da gumi da ƙura.

Tare rana kuwa, kakanninmu sun riga likita. Dubi manomi da malfarsa, ya yi sammako, in rana ta take ya koma inuwa. Dubi Buzu cikin rawaninsa, ba ka ganin kome sai ido, shi da ya fi kowa sanin halin rana. Mu ne da muka yi boko muka ɗinka wa yara riga mai gajeren hannu da gajeren wando, muka aske musu kai ƙwal, muka jera su a fili muna yi musu dogon jawabi, mu kuwa muna tsaye a baranda. Tufa mai yalwa, mai dogon hannu, mai ƙarfin saƙa, ita ce magani na fari. In kana so ka gwada yadi, ɗaga shi sama, in haske na ratsa shi sosai, to, rana ma za ta ratsa. Wanda ke da halin sayen man kāre rana ya duba a jikin kwalbar ya ga an rubuta SPF 30 ko fiye, kuma yana tare UVA da UVB duka. Mai lamba 30 ya kan tare misalin kashi 97 cikin 100 na UVB, in an shafa da yawa yadda ya kamata. A shafa a fuska da kunnuwa da ƙeya da bayan hannu kafin a fita, a kuma sake bayan kowace awa 2 in ana cikin rana ko ana gumi. Shafa ɗaya da safe ba ta kai mutum la'asar.

Ga yaro zabiya wannan ba zancen ado ba ne, zancen rai ne. Jikinsa ba ya yin melanin sai ɗan abin da ba a rasa ba, saboda haka ba shi da ko rabin garkuwar nan da mu ke taƙama da ita. Ƙunar da ya sha yana aji 3 ba ta tafi ba don ta warke a ido, tana nan tana taruwa, ita ce ke zama gyambon da ba ya warkewa sa'ad da ya zama saurayi. Ciwon dajin fata na cikin manyan abubuwan da ke kashe zabiya a ƙasashen Afirka tun da ƙuruciya. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe musu ranar 13 ga Yuni, an fara kiyaye ta a 2015, amma ni ban ga amfanin jawabin rana ɗaya ba in sauran kwanakin shekara muna aika su shara da tsakar rana. A bar shi ya sa malfa mai faɗin baki da riga mai dogon hannu da dogon wando, ko da sun saɓa wa kayan makaranta. A zaunar da shi gaban aji nesa da taga, gama idonsa ma ba shi da ƙarfi. In an ga wani tabo ko miki a jikinsa ya yi makonni bai warke ba, a sa iyayensa su kai shi asibiti, kada a tsaya shafe-shafe.

Akwai kuma masu mai da kansu zabiya da kuɗinsu, ina nufin masu shafa man bilicin. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da labarin cewa mata 77 cikin 100 a Nijeriya suna amfani da irin waɗannan mayuka, a 2023 kuma hukumar NAFDAC ta ce abin ya zama na gaggawa. Maza ma ba su wanke hannunsu ba. Aikin man nan shi ne ya hana fata yin melanin, watau ya kwance wa mutum garkuwarsa ya bar shi tsirara gaban rana. Waɗansunsu akwai zaiba a ciki, mai lalata ƙoda da jijiyoyi, waɗansu kuma akwai magani mai ƙarfi da ke sa fata ta yi siriri har likita ya rasa inda zai kama ya ɗinke in an yi aiki. Ƙarshenta fuskar da aka nema wa haske sai ta yi baƙi ƙirin a kumatu, baƙin da ba ya fita. Malamar da ta shiga aji da fuska kala biyu ta riga ta koya wa 'yan mata 40 darasi, ko ba ta buɗe baki ba.

Sai maganar ruwa, wadda ta fi duk sauran gaggawa. Kusan kashi 60 cikin 100 na jikin babban mutum ruwa ne, mai aikin ƙarfi cikin zafi kuwa ya kan zubad da lita guda ta gumi cikin awa ɗaya. Ba mai da za a shafa a waje ya maye abin da ba a sha ba. Kada mu manta da abin da ya faru a 2024. Ran 3 ga Afrilu zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, cikin watan azumi, asibitin Gabriel Touré na Bamako kuwa ya ƙidaya mamata 102 cikin kwana 4 na farkon watan. Sakkwato da Maiduguri ba baƙin digiri 40 ba ne a irin wannan lokaci. Yaro kuwa in wasa ya yi masa daɗi ba ya tuna ƙishirwa, sai an tuna masa. Alama mafi sauƙi ita ce fitsari. In ya yi kaɗan, ya yi ja, jiki na neman ruwa. Mai azumi ya rarraba shansa tsakanin buɗa baki da sahur, kada ya ɗura gaba ɗaya. Malamin ofis kuma ya sani kwalbar lemo mai zaƙi ba ta kai moɗa guda ta ruwan randa ba. In yaro ya galabaita, a kai shi inuwa, a sassauta masa tufafi, a jiƙa jikinsa ana yi masa fifita, a ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan kaɗan: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. In kuwa ya fara sambatu ko ya suma, kada a ɗura masa kome, a ci gaba da sanyaya shi a nufi asibiti maza.

Na san za a ce ina kuɗi, za a kuma ce in an hana durƙuso a rana yara za su lalace. Ban ce a bar horo ba. Na ce horon da zai bar wa yaro ciwo bayan shekara 20 ya wuce laifin surutu. Mutanen Ostareliya, da ciwon dajin fata ya dame su, tun 1981 suka shiga yi wa jama'a gargaɗi, har makarantunsu da yawa suka kafa doka cewa yaron da bai zo da malfa ba ba zai yi wasa cikin rana ba. Mu ga malfa ana saƙa ta a ƙauyukanmu. Mai da fareti da wasannin motsa jiki zuwa kafin ƙarfe 9 ba ya cin ko kwabo. Dashen dogon yaro a filin makaranta aikin damina ɗaya ne, in an sami mai tsare shi daga awaki.

Abin da ke cin kuɗi kaɗan ne, a nan ne kuwa na ke kai kukana ga malaman ofis, ku da ke rubuta ƙiyasin kuɗin shekara. Na sha ganin an sa kuɗin fenti da na labulen ofishin babban malami, ba a sa na randa ba. Ku sa randa mai murfi a kowane aji, da moɗa mai dogon hannu ta ɗiba, kowane yaro kuma ya zo da kofinsa, da ladan wanda zai cika ta kowace safiya. Ku sa kuma ɗan abin da zai sayi man kāre rana domin zabiyan da ke cikin rajista, ba su da yawan da za su karya baitulmali. Ni dai na riga na gaya wa manyan malaman da ke ƙarƙashina, in na zo zagaye na gaba, kafin in buɗe rajista randa zan fara buɗewa.