Zance Daga Kuki: Tabo Uku A Ciki

Ran da aka dawo da ɗan ƙanena daga asibitin birni, bayan an cire masa afendis, mutanen unguwa suka cika gida da zuwa sannu. Kowa yana so ya ga ɗinki. Yaro ya ɗaga riga, sai ga 'yan tabo uku, ɗaya a cibiya, biyu ƙasa da ita. Wata tsohuwa ta ce, "Ai ko tsagar wanzami ta fi wannan." Aka yi dariya. Ni ma na yi, ga shi kuwa ni ne malami a cikinsu.

Afendis wani ɗan reshe ne a jikin hanji, can ƙasan ciki wajen dama. In ya toshe ya kumbura, sai a cire shi kafin ya fashe. Dā tsaga ciki ake yi. A shekarar 1980 wani likitan mata a garin Kiel na ƙasar Jamus, mai suna Kurt Semm, ya cire shi ta 'yan hudoji ƙanana. Likitoci 'yan'uwansa suka yi masa ca, amma daga baya duniya ta bi shi. Ana hura wata iska a ciki don ya buɗe, a zura ɗan bututu mai fitila da kyamara, likita yana duban allo yana aiki. Mutum yakan tashi da wuri, miki kuma bai cika ruɓa ba. Wannan alheri ne, ba na musu.

Amma fa aikin da aka yi can ciki bai ragu ba. An yanka, an ɗaure, kamar dā. Ido ne kawai ba ya gani.

Kwana biyun farko yaron ya yi ta kukan kafaɗa. Wannan ba abin tsoro ba ne, sauran iskar nan ce, takan wuce da kanta. Abin da ya ruɗe mu ya zo ne ran kwana na shida. Jiki ya yi zafi, ya ƙi abinci, ga zawo kaɗan kaɗan. A nan wajenmu kowane zazzaɓi na cizon sauro ne. Ubansa ya sayo magani a kemis. Da na yi magana ya ce, "Yaya, dubi cikin, ai ya warke sarai." Muka ɓata kwana biyu a haka, da kuɗin mota muke ji, da kuma hanyar da ba a son binta in rana ta faɗi.

Da muka koma aka ɗauki hoton ciki, ashe mugunya ce ta taru inda aka yi aikin. Likita ya ce hakan yakan faru, musamman ga wanda afendis ɗinsa ya riga ya fashe kafin a kai shi, kamar namu. Aka sa bututu aka janye ta, aka yi ta allura da ƙarin ruwa. Ya sake kwanciya fiye da ta farko, buhunan dawa kuma suka tafi.

To, iyaye, in an sallamo muku mutum bayan irin wannan aiki, ku sa masa ido har mako biyu. Zazzaɓi, ko ciwon ciki da ke ƙaruwa maimakon raguwa, ko amai, ko ciki ya kumbura ba bayan gida ba tusa, ko tabo ya yi ja yana ruwa, duk maganar asibiti ce a ranar. In birni ya yi nisa, babban asibitin Dutsin-Ma ko na Kurfi sun fi kemis. Ku tafi da takardar sallama, ku faɗa da bakinku cewa an yi masa aiki, gama tabon bai isa ya faɗa ba. Maganin da aka ba shi kuma ya shanye duka.

Saura batun kaya. Hudar cibiya takan iya zama ƙaba in an yi gaggawar ɗaukar nauyi, don haka ku tambayi likita mako nawa zai huta. Namu yaron ya koma makaranta, amma bana ba shi ba ɗaukar dami.