Kwantena Bebiya Ce Kuma Kurma, A Yi Hattara Wajen Buɗe Mata Kunne

A wannan mako filinmu zai leƙa wata matsala da ke hana masu aiki da kwamfuta barci, watau yadda za a sa sauti ya fito daga cikin kwantena.

Kada mai karatu ya zaci kwantenar da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Apapa muke nufi, ko da yake daga can aka aro sunan. Wannan wani keɓaɓɓen ɗaki ne da ake yanka wa manhaja a cikin kwamfuta mai aiki da Linux, a zuba ta ciki da dukan kayanta, a rufe. Dabarar ta bazu da fitowar LXC a 2008, sannan Docker ya zo a 2013 ya mai da ita ruwan dare. Manhajar da ke ciki tamkar ɗan haya ce: gida ɗaya suke da mai gida, amma ɗakinsa kaɗai aka ba shi mabuɗi.

Kwanan baya na saka wata manhajar sauraren hirarraki cikin kwantena, na danna, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Na ɗauka lasifika ce ta mutu, ashe lafiyarta lau. Dalili kuwa shi ne, a tsarin ALSA, wanda Jaroslav Kysela ya fara a 1998, ƙofofin katin sauti suna zaune ne a wani wuri da ake kira /dev/snd, Docker kuwa ba ya nuna wa ɗan haya wannan wuri. Da gangan aka yi haka.

Hanya ta farko ita ce a miƙa ƙofofin kai tsaye, a ƙara --device /dev/snd lokacin tayar da kwantenar. To, amma nan ma akwai sauran rina a kaba. Ƙofofin mallakar wani rukuni ne mai suna audio, ita kuwa zuciyar Linux ba ta san suna ba, lamba take dubawa. A Debian da Ubuntu lambar rukunin 29 ce, a Fedora kuwa 63. Idan lambar ciki ta saɓa da ta waje, sai a hana ka shiga alhali kana ganin ƙofa. Daɗin daɗawa, in mai gida ya riga ya riƙe katin yana amfani da shi, sai a ce maka na'ura tana kan aiki, ka jira.

Saboda haka ne masu kwamfutar tebur suka fi bin hanya ta biyu. A nan ba a taɓa katin, sai a haɗa ɗan haya da wakilin da ke raba sauti a gidan, watau PulseAudio, ko PipeWire wanda Fedora ta ɗauka a 2021, Ubuntu ta bi sahu a 2022. Wakilin yana da taga, galibi a /run/user/1000/pulse/native. A shigar da wannan taga cikin kwantena, a rubuta adireshinta a PULSE_SERVER, a kuma tabbata lambar mai amfani ta ciki daidai take da ta waje. Da haka na samu tawa ta yi magana, bayan na ɓata rabin yini.

Abin da ya sa na ɗauko wannan batu, ba wahalar ba ce. A cikin /dev/snd akwai ƙofa mai suna pcmC0D0p, akwai kuma pcmC0D0c. Harafi ɗaya ne ya raba su, amma ta farko baki ce, ta biyu kunne. Wanda ya miƙa wurin ɗungurungum domin ya ji waƙa, ya ba da makirufo bai sani ba. Tagar wakili ma ba ta tsira ba, domin ta cikinta ana iya naɗar makirufo, har da duk abin da lasifika ke faɗa. Yawancin kwantenonin nan kuwa daga intanet ake sauko da su, ba mu san wanda ya haɗa su ba. Ɗan jaridan da ya yi wa majiyarsa alkawarin sakaya suna, ko likita, ko lauya, ya kamata gabansa ya faɗi.

Mafi muni ita ce shawarar da ake yawan bai wa wanda ya gaji, wai ya sa --privileged ya huta. Lalle sauti zai iya fitowa, amma an miƙa wa baƙo mabuɗan gida kaf, har da faifan ajiya da kyamara. A ganina wannan ganganci ne.

Ni dai yanzu, in fitar da sauti kawai nake bukata, ƙofar da ta ƙare da p nake miƙawa tare da controlC0, in bar mai c a kulle. In kuwa dole sai an yi naɗi, to, sai da kwantenar da na san asalinta, ina gamawa in kashe ta.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.