Zauren Fatake: Tsohuwar H100 Da Kayan Gyaranta

 A wannan wata zancen mota za mu yi, watau ƙaramar motar nan ta kaya mai rufi, Hyundai H100, wadda wasu ke kira Grace. Duk wanda ya tsaya bakin titi a Aboabo ko Asawase da sassafe zai gan ta, wata ɗauke da albasa, wata da burodi, wata kuwa an sa mata kujeru ta zama torotoro. Mutanenmu da yawa jarinsu kaf yana jikinta, ran da ta kwanta tukunyar gida ma ta kwanta. Saboda haka ya kamata mu san halinta, kamar yadda kakanninmu suka san halin jakunansu a hanyar Gwanja.

Kamfanin Hyundai na Koriya ta Kudu ya fara ƙera ta a 1986, bisa tsarin wata motar Japan mai suna Mitsubishi L300, ya kuwa daina wajen 2004. Ashe ke nan ko wadda ta fi ƙuruciya a cikinsu ta ba shekara 20 baya. Galibin waɗanda ke hannunmu masu shan dizal ne, injin lita 2.5 ko 2.6, jinin injin Mitsubishi da makanikai ke kira 4D56. Ba kwamfuta a jikinsa, famfon mai na ƙarfe ne zalla, kowane fita da ya ƙware a Magazin na Suame ya san cikinsa da bayansa. Wannan shi ne sirrin daɗewarta. Amma tsoho duk ƙarfinsa yana da ciwon da ya saba tasar masa, na wannan mota kuwa uku ne.

Na farko zafi. Injin a ƙarƙashin kujerar direba ya ke, wuri matsattse, ga ranar ƙasarmu, ga ƙurar hunturu tana toshe lagireto. Gangar injin baƙin ƙarfe ce, amma kansa na alminiyam ne, alminiyam kuwa ba ya jure tafasa. In ruwa ya ƙare direba bai lura ba, sai kan ya lanƙwashe ko ya tsage. Alamarsa, ruwa ya riƙa raguwa ba a ga inda ya ke zuba ba, ko a ga kumfa a bakin lagireto, ko baƙin mai ya koma kamar shayi da madara, ko farin hayaƙi ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya ɗumama. Maganin abin tun da wuri ba shi da tsada. A duba ruwa kowace safiya inji na sanyi, a wanke lagireto, a sake murfinsa in ya saki, a tabbata allurar zafi tana aiki. Direban da ya ga allura ta hau, ya ce bari dai in kai Tachiman, lalle kan inji ya ke shirin saya wa maigidansa. A tsaya nan take, kada kuma a buɗe murfi ruwa na tafasa.

Na biyu bel ɗin cikin inji, wanda a ke kira taimin bel. Mutane da yawa ba su san guda biyu ne a wurin ba. Akwai babba mai juya bawul da famfon mai, akwai kuma ƙarami a bayansa mai juya sandunan da ke rage girgizar inji. Wani sai ya sake babban, ya bar ƙaramin don ya rage 'yan sidi. Ran da ƙaramin ya tsinke sai ya faɗa cikin babban, fistin ya ci karo da bawul, a wayi gari hannayen bawul sun kakkarye. Bel ba ya yin sallama kafin ya tsinke. Shawararmu, duk wanda ya sayi wannan mota ya sake su duka biyu tare da tayoyin da ke ɗaure su, kome rantsuwar da mai sayarwa ya yi, sa'an nan ya rubuta ranar da lambar kilomita a littafi. A hanyoyinmu ba ma so a bar su su wuce kilomita 60,000.

Na uku lodi, wannan kuwa laifinmu ne mu fatake. Motar an yi ta ne don kaya wajen tan ɗaya, watau buhu 10 masu kilo 100. Wanda ya ɗora mata 18 don ya huta da sawu biyu, zai biya a sifirin baya da ya karye, da kulocin da ya ƙone, da boris, da taya. Wanda ya fi duka muni shi ne birki, gama birkin da aka yi don tan ɗaya ba zai riƙe biyu a gangare ba, hanyar kuwa akwai 'ya'yan mutane a kanta. Ku sani kuma, famfon da ke sa birki ya yi laushi a bayan dainamo ya ke. In bel ɗin da ke juya dainamo ya tsinke, ba cajin batir kaɗai aka rasa ba, birki ma zai sandare bayan 'yan takawa.

To, mu zo ga kayan gyara, inda kuɗinmu ya fi salwanta. A Magazin, da Abossey Okai can Ankara, kaya iri uku ne. Akwai sabo na kamfani, akwai sabo na kwaikwayo, akwai kuma na hannu da aka kwance daga motocin waje, wanda 'yan kasuwa ke kira hom yus. Ba mu ce na hannu abin ƙi ba ne. Ƙofa, gilashi, fitila, kujera, akwatin giya, gatarin baya, sifirin, dainamo, duk waɗannan na hannu mai kyau sau da yawa ya fi sabon kwaikwayo ƙarko, domin ƙarfen asali ne. Amma abin da a ke yi da roba, da abin da ke cinyewa da aiki, ba a sayensa na hannu. Bel, robar ruwa, robar birki, takalmin birki, faifan kuloci, matatar mai da ta iska, gasket, lalle sabo, kuma na gaske. Roba tsufa ta ke yi ko tana ajiye a kanti. Araha ba ta ado.

Taya ma haka. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2316, an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2016, kome kyan zanenta tsohuwa ce. A nemi kuma mai alamar C bayan lambar girmanta, ita ce ta ɗaukar kaya.

Akwai ruɗanin suna da ya ke cin mutane. Sunan H100 ba motar nan mai rufi kaɗai ke amsa shi ba, har da 'yar'uwarta mai buɗaɗɗen baya, wadda a ke kira Porter, ba kuwa kowane abu nasu ya ke shiga na juna ba. Kayan injin L300 da yawa suna hawa, amma inji mai tabo da marar tabo ba ɗaya ba ne. Sa'an nan Japan hagu su ke bi a titi, sitiyarinsu na dama, mu kuwa tun 1974 muka koma bin dama kamar Koriya, don haka kayan sitiyari na motar da ta fito daga Japan ba na tamu ba ne. Kia Pregio mai injin 2.7, ko da ya ke sun yi kama a ido, gidansu daban. Hanyar tsira ita ce a tafi kasuwa da tsohon abin a hannu, da lambar inji da ta shasi a takarda, a gwada su gefe da gefe.

Wanda zai sayi inji sukutum, kada ya biya sai an tayar masa da shi a ƙasa, ya ji ƙararsa, ya ga hayaƙinsa, a buɗe murfin baƙin mai a ga ko yana huci. Kan inji na hannu kuwa a kai shi wurin masu injin gwaji su matsa masa ruwa, domin tsaga ba ta ganuwa da ido. A yi ciniki a fili, kwana nawa aka ba ka in abu bai yi ba ka mayar, a rubuta a rasit, gaban shaida. Ka tafi da makanikinka, amma kuɗi ya fita daga hannunka zuwa hannun mai kanti.

Muna da magana ga dattawa kuma. Da yawa cikinku ku ne masu motocin, samari ke tuƙawa. In kun matsa wa yaro da kuɗin da zai kawo kullum, ba ku ware na gyara ba, shi ma zai matsa wa motar, ya ɓoye muku ciwonta har ta fāɗi. A ware wani abu daga kowane sawu a ajiye da sunan mota, a sake baƙin mai duk kilomita 5,000, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Ran da za a sayar da ita kuma a faɗi aibinta. Malamanmu sun sha gaya mana ɓoye aibi a ciniki yana cire albarka, mai sayen kuwa wataƙila sahu ɗaya ku ke tsayawa da shi a masallaci.

Allah ya kiyaye hanya, ya sa wa kasuwa albarka, amin. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Haza wasalam.