MARI BA MAGANI BA NE

'Yan'uwa na Gure da sauran garuruwan kasuwa na ƙasar Damagaram: Ga magana, a karanta ta a taron kowane reshe.

Kun san gidan mari. Uba ya gaji da halin ɗansa, sai ya damƙa shi ga wani, wai a gyara shi. A watan Satumba 2019 'yan sanda suka buɗe irin gidan nan a Rigasa cikin Kaduna, suka fito da mutum sama da 300, manya da yara, waɗansu da mari a ƙafa, baya duk tabon bulala. A watan Oktoba aka sake samun irinsa a Daura.

Ƙasashen Turawa ma suna da nasu. Can akwai masu cewa suna iya juyar da yaron da sha'awarsa ta karkata ga jinsinsa, ta hanyar matsi da tsoratarwa, a dā har da wutar lantarki. Likitocinsu sun duba, sun ce abin ba ya juyar da kowa, sai dai ya jefa yaro cikin baƙin ciki. Faransa ta hana shi a 2022, ta sa ɗaurin shekara 2 ga mai yi.

To, amma ku dubi Kentaki, wata jiha a Amurka. A 2024 Gwamna Andy Beshear ya hana a yi wa yara wannan aiki. A watan Maris 2025 majalisar jihar ta soke hanin. Gwamna ya ƙi yarda, suka rinjaye shi da ƙuri'a. Hanin bai ko shekara ba.

Ba mu zo gardama da kowa kan wannan hali ba. Abin da muka ce shi ne, azaba ba ta warkarwa, kuma kariyar da aka ba yaro yau ana iya janye ta gobe in jama'a ta yi barci.

Saboda haka kowane reshe ya buɗe ido. In maƙwabci na shirin kai ɗansa gidan mari, ku zauna da shi tun mota ba ta tashi ba. In ciwo ne, ga likita. In hali ne, ga dattawa da nasiha. An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ba a ce a karya shi ba.

Duk wanda ya zo muku da batun a sassauta dokar da ke kare yaro, ku tambaye shi: ɗan wa za a ɗaure?