Raddi ga Masu Cewa Kunne Ya Isa Alƙalin Jimla

Wani ra'ayi ya yaɗu tsakanin ɗalibai masu shirin jarrabawar Turanci, har da wasu malamansu, cewa tambayoyin gyaran jimla ɓata lokaci ne, musamman waɗanda suka shafi kwatanci da kuma inda ake ajiye yankin jimla mai bayani. Hujjojinsu uku ne: kowa yana gane abin da ake nufi, kunne ya isa ya tantance daidai, kuma jarrabawar GMAT ta shiga makarantun kasuwanci, wadda ta fi shahara da waɗannan tambayoyi, ta daina yin su. Duka ukun ba su da ƙarfin da ake zato.

Hujjar farko tana da kamar gaskiya, domin idan aka ce farashin shinkafa a Kano ya fi Legas sauƙi, mai sauraro zai cike gurbin da kansa, ko da yake jimlar ta auna farashi da gari. Gyaranta shi ne "ya fi na Legas sauƙi", kuma aikin da "na" ya yi nan shi ne aikin "that of" a Turanci. To amma ba kullum mai sauraro ke da abin cike gurbin ba. A ce an rubuta cewa kamfanin yana amincewa da dillalai fiye da banki. Shin kamfanin ya fi banki yarda da dillalai ne, ko kuwa ya fi yarda da dillalai a kan yadda ya yarda da banki? Ma'ana biyu ce, kowacce da hukuncinta. A hira sai ka tambayi mai magana, amma takardar yarjejeniya ba ta amsa tambaya. Wanda ya saba barin kwatanci a gurguje inda ba ya cutarwa, zai bar shi haka ranar da kuɗin mutane ke rataye da shi.

Hujja ta biyu ta fi rauni. Kunne yana karɓar abin da ya saba ji ne kawai. Duba wannan: "Bayan shafe shekara uku a gidan yari, alƙali ya sallami ɓarawon." Ta shige kunne lafiya, alhali a tsarinta alƙalin aka ɗaure. Ƙa'idar da jarrabawa ke nema ita ce, yankin da ya buɗe jimla ya jingina da sunan da ya biyo bayansa nan take, saboda haka ɓarawon ne ya kamata ya zo bayan waƙafi. Ga Bahaushe kuma haɗarin ya ninka. Idan muka ce "matar malamin da ke sayar da littattafai", muna iya warware shubuha da "wadda" ko "wanda". Turanci ba ya rarrabe jinsi a wannan gurbi, don haka mazaunin kalma ne ke ɗaukar nauyin. Kunnen da aka raina da Hausa ba zai ji wannan giɓi ba sai an koya masa. Malamanmu na zaure sun san haka, shi ya sa ba su bar ɗalibi ya dogara da daɗin karatu ba, sai ya bi ta Ajurumiyya da Alfiyyar Ibn Malik.

Hujja ta uku gaskiya ce da aka ɗora wa abin da ba ta faɗa ba. Hukumar GMAC mai shirya GMAT ta fito da sabon tsarin jarrabawar a Nuwamba 2023, ta cire gyaran jimla, ta rage lokacin daga sama da awa uku zuwa awa biyu da minti 15. Amma a wannan gyara ɗin ne kuma aka cire rubutun insha'i, kuma babu mai hankalin da zai ce iya rubutu ya daina amfani ga ɗan kasuwa. Ban da haka, jarrabawar SAT ta shiga jami'o'in Amurka tana nan tana tambayar mazaunin yankin bayani, Turanci kuma wajibi ne ga duk mai rubuta JAMB.

Akwai inda masu wannan ra'ayi suka yi daidai, kuma adalci ne a faɗa. Wasu ƙa'idojin al'ada ce kawai ta rubutun boko, irin jayayyar "than I" da "than me", wadda ƙwararrun marubuta ma suka saɓa a kanta. Sai dai kuskurensu shi ne haɗa waɗannan da ƙa'idojin da ma'ana ta dogara a kansu. Ɗalibin da ya koyi tsayawa a kan kowace jimla ya tambayi me aka auna da me, wa kuma ake siffantawa, ya samu abin da zai yi masa aiki a kan rahoto da wasiƙa da hukuncin kotu, ko an tambaye shi a jarrabawa ko ba a tambaye shi ba. Malamin da ya hana shi wannan da sunan sauƙaƙawa ya tauye masa haƙƙi.